Matar da Ba Ta da Lambar Waya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta na Mainé-Soroa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, da fatan Allah Ya haskaka kabarinki, ni ce Bintu, wadda kika sayar da dabinonki kika kai karatun unguwarzoma. Har yanzu ina Diffa, a ɗan gidan likitar da kika bar ni.

Inna, aiki ya sake a bayanki. Yanzu ban da albashi akwai kuɗin ƙwazo, firim muke ce masa. Duk mai cikin da na yi wa awo na sa a rajista, akwai abin da zai shigo. Ba zan yi miki ƙarya ba, da farko murna na yi. Da shi na kai Baba Damagaram aka duba masa ido.

Sai dai masu bincike sukan tsinci sunaye su buga waya, ko su bi gida su ji ko da gaske matar ta zo. Wadda ba a samu ba a soke ta, a yi mana kallon masu ƙage, a rage wa kowa rabonsa, har mai shara. To 'yan gudun hijira, ina waya, ina gida? Yau suna wannan rumfa, gobe an tashe su.

Ke ba ki taɓa shiga aji ba, amma rabin unguwarmu a hannunki aka haife su. Ranar da na fara aiki kika ce min, “In mai ciki ta shigo, ki dubi ƙafafunta kafin ki tambayi sunanta.”

Yanzu lambar waya nake fara tambaya, Inna. Ban san ranar da bakina ya koyi haka ba.

Talatar da ta wuce wata mata ta zo daga wajen Baroua a motar tattasai, cikinta ya tsufa. Na tambayi lamba, ba ta da ita. Na ce ta zauna a benci in sallami waɗannan da ke layi tukuna. Waɗannan ɗin masu lamba ne. Ta zauna rungume da takalmanta, don sun ƙi shiga ƙafa, tana ta dafe goshi. Na gani, Inna. Wallahi na gani, na kau da kai.

Bayan azahar na leƙo, benci ba kowa. Mai gadi ya ce motar da ta kawo ta ta tashi juyawa, sai ta bi ta.

Kin fi ni sanin abin da kumburi da ciwon kai ke nufi a irin wannan wata. Na bi tasha, na bi kasuwar tattasai, kwana biyar ke nan ina cigiya. Kowa sai ya ce wace ce, ni kuma ko sunanta ban tambaya ba. Yau ni ce mai neman lambar nan ido rufe, ba don firim ba.

Kunyarki nake ji, Innata. Da kina nan da na sa kaina a cinyarki na yi kuka, ki yi min faɗa son ranki.

Allah Ya jiƙan ki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya sauki baiwar nan taSa lafiya a hannun wadda ta fi ni. Idan kuma ta riga ni isowa inda kike, ki tambayar min sunanta, ki ce ta yafe min.

Taki har abada,
Bintu