Zizar Garaya a Sabuwar Na'ura

Adawiyya ƙanwata,

Sallama daga Legas. Ya ƙafar Gogo, ya mutanen Yindiski? Ni lafiya, gajiya ce kawai.

Ogan makaɗanmu ya sayo na'urar sauya muryar jita, muryoyi ɗari biyu, duk na Turawa. Kwana uku ina murɗa ta, har jitata ta fara ziza irin ta garayar Baba. Oga ya ce na lalata masa kaya, in gyara kafin Asabar ko in tattara. Shekara tara ina masa kiɗa fa! Amma ban ga laifinsa ba, bai taɓa jin garaya ba.

Ba zan goge zizar daga na'urar ba. Ran Asabar a bikin dillalan shanun garinmu Potiskum za mu kaɗa, nan Legas. In suka miƙe rawa, zai gane.

Gogo ta sa ni a addu'a.

Yayanki,
Nuraddeen