Buzun Baba a Gaban Bature

Wurno, Muharram 1368
(Nuwamba 1948)

Zuwa ga Yaya Jelani,

Sallama da gaisuwa mai yawa, tare da ladabi da biyayya. Ina roƙon Allah Ya sa takardar ga ta iske ka lafiya, kai da Kaltume da yara, Ya kiyaye ka da sanyin Jos da wahalar aikin kuza. Mu nan lafiya lau. Gero ya shiga rumbu, ana yankan dawa, an soma dashen albasa a fadama. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta taka zuwa Magarya sunan jikan Goggo Habi.

Yaya, ka san tun da na gama makarantar Midil na yi koyon aikin fata a Sakkwato, ba ni da buri sai lasin sayen fatar akuya a kasuwannin Wurno da Goronyo. In ba lasin, ko fata guda na saya na karya doka. Sharaɗin kuwa a fili yake: a shanya fata a rataye cikin inuwa, ba a ƙasa ba. Na yi rumfa bayan gida, na ɗaura igiyoyi, na ta da daɓe don kare da gara. Na auna komi sau biyu saboda tsoro. Duk da haka aka hana ni.

Wanda aka turo dubawa shi ne Mode, wanda ka sani, mai ɗaukar wa mutane buta a da, yanzu wai malamin fata. Ya zo bayan Babbar Salla bisa keke, da hankici a hanci. Wallahi bai sauka ba, ƙafa guda ya dire ƙasa. Na roƙe shi ya shigo ya ga rumfa, ya ce warin da ya ji ya ishe shi shaida. Mutumin da abincinsa ke fitowa daga fata, shi ke ƙyamar fata! Daga nan ya hangi fatar ragon layyar Baba a gefen zaure, inda ka san yana kafe ta kowace shekara, ya barbaɗa toka, kafin a kai wa majemi a yi buzu. Sai ya juya kekensa. A rahotonsa ya ce ya ga fatar akuya ta sayarwa shanye a ƙasa. Farin rago ne, Yaya, mai baƙin wuya da geza har gaba.

Bayan haka ya aiko a gaya mini wai gyara ba ya wuya, in na zo gaisuwa kada in zo hannu sake, yana son zabi. Ban kai ba. Ba jarumta ba ce, tsoro na ji kada a ce da zabuwa na sayi abin da na yi karatu dominsa. Na rubuta takardar ɗaukaka ƙara zuwa ga Baturen dabbobi, aka ce in same shi a Rabah ranar da zai sauka rangadi, in zo da shaida. Kwanakin nan ko tuwo bai yi mini daɗi ba. Na nemi Baba ya ba ni buzun in tafi da shi, don majemi ya riga ya gama. Ya ce abin da yake salla bisansa ba ya zuwa gaban shari'a shi kaɗai kamar ɓarawo, sai dai su tafi tare.

Haka muka tafi, shi bisa jaki ni a ƙasa. Bature na zaune ƙarƙashin tsamiya, Mode na tsaye bayansa ya sha rawani kamar mai jiran naɗi. Aka miƙo wa Baba tabarma, ya ce ya zo da tasa, ya shimfiɗa buzu ya zauna. Na faɗi nawa dalla-dalla. Mode ya maimaita nasa, har ya ƙara cewa jar akuya ce, da idonsa ya gani. Da Bature ya tambayi inda fatar take, Baba ya ce wa tafinta ga ta nan yana zaune a kai, ya ɗan gusa ya shafa gezar. Sannan ya ce a tambayar masa malamin, mi ake kiran akuya mai geza a garinsu, don shi ya tsufa a Wurno bai ga irinta ba. Dogarai suka sunkuyar da kai suna dariya. Mode ya ce wai rana ce ta kashe masa ido. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ban taɓa ganin wanda bai kai ko idon sawu ba sai nasa.

Bature bai yi dariya ba. Washegari ya biyo ta Wurno, ya shiga rumfata da ƙafarsa, ya ja igiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu a ba ni lasin. Lasin na nan cikin gafakar Baba. Sai dai kada ka yi murna da yawa: ba a taɓa Mode ba. Shi zai riƙa duba fatuna kowace ranar kasuwa, shi zai ce wagga ta yi, wagga ba ta yi ba. Ka sa ni cikin addu'a.

Na roƙi Baba, baɗi ya bari in rataya fatar layya cikin rumfa don a zauna lafiya. Ya ce a gefen zaure mahaifinsa ke kafe tasa, a nan zai kafe, kuma baɗi babban rago zai nema, wanda ko daga kan keke ba mai ce masa akuya.

Ka gai da Kaltume, da Abubakar da 'yar autarku Khadijatu. Baba da Inna suna sa maka albarka, Uwaliya da Hauwa'u suna gaisuwa, Goggo Habi ta ce ba ta manta alkawarin mayafi ba. Allah Ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Maccido