Sarki Ukun da Fintan Ya Zubar

Lahadi, 3 ga Maris
A waya nake faɗa, rubutu ba nawa ba ne. Yau da la'asar na kai wa mijina Fintan makulli ɗakin bayan mashaya inda suke cacar kartar poka, jaririnmu Cillian a kafaɗata. Na ga katunan da ke hannun Fintan. Sarki biyu, ga na uku a tebur. Podge, ƙaton nan mai motocin kaya, ya tura duk kuɗin da ke gabansa. Fintan ya zubar da katunansa, ya bar masa. Fintan fa! Ko uwarsa ba ya ɗaga wa ƙafa a karta.

Litinin, 4 ga Maris
Fintan ya ce wai kati masu alamar zuciya uku ne a tebur, Podge na da biyu a hannu, biyar iri ɗaya sun ci sarakunansa. Yana faɗa yana kallon tukunyar shayi.

Laraba, 6 ga Maris
Na je gun Kawu Mossie, ya tsufa a teburin nan. Ya ce, "Nuala 'yata, kar ki ce me Podge ya riƙe. Ki ce me da me mutum irinsa ke shiga da shi." Wai tun kafin a buɗe komai a tebur Podge ya ƙara kuɗi, shi kuwa ba ya haka sai da tagwaye, lamba ɗaya sau biyu. Tagwaye ba sa zama zuciya duka biyun. Na ce ko Fintan ya manta? Ya yi dariya. "Wannan ɓeran? Shi ya koya min."

Alhamis, 7 ga Maris
To da gangan Fintan ya zubar, kyauta ya ba Podge. Me ake saye a gun Podge da kyauta? Yaran da ke tuƙa masa mota, biyu suna gidan yari kan kayan da suka ɗauko masa. Cillian ko haƙori bai yi ba. Wayyo ni.

Asabar, 9 ga Maris
Fintan ya ce min, "Tsohuwa, na samu aiki, tuƙi zuwa Belfast." Na ce na wa? Ya sumbaci goshin yaro, ya ce na cika tambaya kamar ɗan sanda.

Litinin, 11 ga Maris
Ya ce, "Kin yarda da ni ai?" Na ce sosai. Na haɗa masa burodi da cuku.
Yana fita, gadon Cillian na kai gidan Mama. Ɗakinta ya fi ɗumi, shi ke nan.