Littattafan Baba da Kifin Rahina

Gaya, ranar Laraba

Zuwa ga Yayana Zakariya'u, a Abijan,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga yayanta, tare da roƙon Allah Ya sa takardar nan ta tarar da kai da iyalinka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya, gwargwadon abin da ake kira lafiya a Gaya. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har ta koma azuminta na Litinin da Alhamis. Baba yana ci yana sha, sai dai yanar ta rufe idon dama ma. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa, sai muryoyin mutane.

Na saurari saƙonka na murya har sau biyu, inda ka ce kada a taɓa littafi ko ɗaya a shagon Baba domin gadonmu ne. Na gode. Daga Abijan gado yana da kyan gani. Daga nan kusa kuwa kwali arba'in da ɗaya ne, bakwai a ciki gara ta riga mu rabo. Alhaji Harouna mai ginin ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce yana son shagonsa ƙarshen wata, ɗansa zai buɗe wurin sayar da salula. Ban ga laifinsa ba. Tun da aka rufe gadar kan iyaka, sababbin littattafai daga Kwatano sai a kwale-kwale, kuma kwalin ƙarshe da ya ƙetaro ya sha kogi, sai da na shanya shi a tsakar gida kamar shinkafa. Tsofaffin kuwa, waɗanda Baba yake karɓa hannun ɗalibai ƙarshen shekara ya sayar wa na bayansu, an canza tsarin karatu, babu makarantar lekol ɗin da ke tambayarsu. Iyaye littafi ɗaya suke saya, su kai fotokopi, aji guda ya ƙoshi. Ni da na yi shekara huɗu a jami'a ina nazarin adabi, aikina yanzu sayar da bik da kaye, wato biro da littafin rubutu, da korar awaki daga baranda.

Zan faɗa maka abin da na yi, kafin wani ya faɗa maka da ƙari. Ka tuna Rahina mai suyar kifi a bakin tasha? Wata uku ke nan ina sayar mata da tsofaffin littattafan lekol a kan sikeli, tana naɗe kifi da su. Ita ce babbar mai cinikinmu, kuma ba ta taɓa tambayar shekarar da aka buga littafi ba. Baba bai sani ba, domin sai ya tafi azahar nake fitar da kwali. To, Juma'ar waccan abokinsa Malam Ado ya kawo masa kifi. Baba ya karɓa bai buɗe ba, ya yi ta murza takardar da yatsunsa, ya kai ta hanci. Ya ce wannan littafin lissafi ne na aji huɗu, mai jan bango, cikin waɗanda ya ɗauko da kansa daga Kwatano shekarar da aka sa ka lekol, domin babu mai kaurin takarda irin tasa. Na duba. Shi ne, shafi na sittin da uku, darasin rabawa, mai ya jiƙa shi har ana hango rubutun baya.

Na jira faɗa, bai yi ba. Ya cinye kifinsa sarai, ya wanke hannu, sannan ya tambaye ni ko na duba babu sunan Allah a cikin waɗanda na bayar. Na ce na duba, kuma gaskiya ne. Ya ce to, daga yau babu littafin da zai tafi wurin Rahina sai ya saurare shi. Don haka kullum bayan la'asar nakan ɗauko littafi, in karanta masa shafin farko da sunayen yaran da suka rubuta a bango, shi kuma ya yanke hukunci. Yaya, ban taɓa ganin alƙali mai tausayi irinsa ba. Sai ya ce wannan ɗiyar maƙwabcinmu ce ta riƙe shi, yanzu ungozoma ce a Yelu. Wancan mai shi kogi ya ci shi, ba a ba kifi littafinsa. Wani kuma rubutunka ne a ciki, ka zana kamiyo, babbar motar kaya, a kan taswirar Afirka. Kwana goma sha biyu muna zaman shari'a, littafi huɗu kawai ya sallama, jiya ya ce a maido ɗaya. Rahina ta aiko tambaya ko ta koma takardar siminti.

Na gaji, Yaya. Muryata ta dushe, kuma da dare ko da rana sunayen ƴaƴan mutane ke yawo a kaina. Baba ya san ƙarshen wata yana tafe, lissafinsa bai makance ba. So yake a kira masa sunayen nan sau ɗaya kafin a rufe ƙofa, kuma zan kira masa iya waɗanda kwanakin suka ɗauka. Ɗakin bayan Inna zai ci kwali goma. Wani malami a Zabori ya ce zai karɓi ƙamusoshi ya kai ajinsa. Ragowar na kifi ne, ka so ko ka ƙi.

Ga roƙona. Kada ka aiko kuɗi, kada ka aiko wani saƙon murya. Ka zo. Ranar talatin ga wata za a miƙa makulli, kuma Baba ya ce da hannunsa zai miƙa. Shekara talatin da takwas yana bin hanyar nan daga gida zuwa shago, ranar zai bi ta ya dawo, ba zai sake ba. Ni ina wurin masu amalanke da kwalaye, dole wani ya riƙe masa hannu. Sau uku ke nan yana tambayata ko ka yi maganar zuwa, ina ce masa hanya ce ba ta da kyau. Ba ni da wata ƙaryar bayan wannan.

Ka gaida mini Zahra'u, ka ce zanen ya iso, na gode. Ka shafa mini kan Isma'il da Yalwa. Inna tana sa muku albarka. Littafin nan mai kamiyo yana ƙarƙashin matashin Baba, ya ce ba zai ba ni in aiko maka ba, sai dai mai shi ya zo ya karɓa.

Ƙanwarka,
Khadijatul Kubra