Ka Mai da Huɗu Tara, Irin Gyaɗa Ya Makara

Zuwa ga Mushe Direkta na kamfanin injin lissafi da na yi wa aiki shekara uku a Yamai.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Habu ɗan Malam Ilu, mutumin Bande ta ƙasar Magariya, wanda ka kora bara. Wasiƙu biyu na aiko maka a rufe, ko ƙala ba ka ce ba. To ga ta uku a buɗe, kowa ya karanta.

Na ɗaya. Saboda manoman da za a karanta wa wannan, bari in faɗi aikina. Injin nan ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce. Shi ya sa tsarin da ke tafiyar da shi yake yanka kowane aiki shafi-shafi, ya riƙe na buƙatar yanzu, saura ya aje a diski, kamar yadda ake barin hatsi a rumbu a ɗebo na daka kawai. A can cikin tsarin akwai lambobi biyu da aka damƙa mini: ayyuka nawa za su shiga tare, da gurbin shafi nawa za a bari fanko. Wata uku ina gwaji kafin in tsayar da ta farko a kan huɗu.

Na biyu. Ina gida jinyar mahaifiyata aka yi maka manyan baƙi. Ka zauna da kanka ka mai da huɗu tara, ka rage gurbin fanko, don su ga ayyuka tara suna gudu. Sun tafa maka. Injin kuwa ya koma kai shafi diski yana ɗaukowa, kamar mata tara a turmi ɗaya, kowacce ta zuba sai a kwashe kafin ta ɗaga taɓarya. Kwana goma sha ɗaya yana gurnani ba takarda ko ɗaya, kai kuma ka kame bakinka a kan abin da ka taɓa. Da na dawo na mai da lambobin, kafin la'asar aiki ya fito. Washegari ka sallame ni.

Na uku. Aikin da ya maƙale shi ne jerin ƙauyukan da ƙungiyar manoma za ta raba wa irin gyaɗa, daga Sassumbrum har Mallawa. Bayan shekarun fari babu gidan da ya rage iri. Ba jeri, ba a loda kamyo, babbar motar kaya, ba. Iri ya iso mu ana noman farko.

Na huɗu, kuma wannan ne ke hana ni barci. Ka rubuta wa ƙungiyar cewa ni na lalata injin, aka karanta takardar a kasuwar Bande. Mahaifina, da ya cika majalisa da zancen ɗansa mai injin Yamai, shekara guda ya yi yana sallar Juma'a a sahun baya, ya fice kafin a fara gaisawa. Ka zubar da mutuncin tsoho don tafin baƙi. Wallahi ban yafe ba.

Na biyar. Keken rubutun da ke jikin injin yana buga duk umarnin da aka ba shi, da rana, da lambar mai bayarwa. Ka sa an tura takardun wancan mako kwandon shara. Rana dubu ta ɓarawo, Mushe. Ka manta ba a zubar da tsohuwar takarda a ƙasar nan. Kowane zuwa gida nakan ɗauro wa Gwaggo Hajara, mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Sassumbrum, dami guda daga kwandon, ranar korata ma na ɗaura. Kasuwar da ta wuce ta ƙunsa mini ƙuli, ina buɗewa sai ga lambarka. Mai ya ci gefen takardar, amma tara na nan, ranar ma na nan.

Na kai ta Damagaram an ɗauki hotonta. Ɗaya ya tafi wa masu kamfanin, ɗaya wa ƙungiyar manoma. Ba ciniki nake da kai ba, sun riga sun kama hanya.

Ba na son aikinka. Abin da nake nema shi ne ka rubuta gaskiya da hannunka, a karanta ta a inda aka karanta ƙaryarka, ranar kasuwa, da rana tsaka. Allah ya ja kwananka, ya ƙara maka lafiyar kunne, ka ji sunanka a bakin manoman da suka rasa damina.

Takardar asali tana aljihun mahaifina. Bai yi lakwal ba, bai san boko ba, amma ya san inda tara take. Jiya Juma'a a sahun gaba ya yi salla, kuma duk wanda ya miƙa masa hannu sai da ya nuna masa ita.

Wassalam.

Habu Malam Ilu, Bande.