'Yata mai sikila ta ƙi yarda a ƙara mata jini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana. Na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan, yau tawa ce ta kawo ni, ku taimaka mini da shawara don Allah.

A Funtua nake aure, ina da 'ya mai shekara sha huɗu, zan kira ta Ummi a nan. Sikila ce da ita tun tana ƙarama, kuma irin wadda jininta ke yawan yin ƙasa, sai an ƙara mata. Ni da babanta duk ba a ɗibar namu, ni likita ya ce nawa ma bai ishe ni ba, shi kuma hawan jini. Wanda Allah Ya haɗa jininsu shi ne ƙanin mijina, Baffanta, manomi ne a Dayi. Wallahi bawan Allahn nan ko yana tsakiyar gona aka kira shi zai ajiye fartanya ya hau mashin ya taho, bai taɓa nuna mana gajiya ba.

To akwai wani fim mai dogon zango da aka fassara da Hausa, yara ke turawa a waya, na wasu masu shan jinin mutane da wasu masu rikiɗa su koma kyarkeci. Da yake Ummi ba ta cika fita ba na bar ta tana kallo a wayata, har ni ma nakan zauna mu kalla ina tsince shinkafa. Akwai wani saurayi a ciki da ta fi so, shi ma mai shan jini ne amma ya yi rantsuwa ba zai ƙara taɓa jinin mutum ba, yana ta ramewa yana wahala, wai shi so yake ya ci gaba da zama mutum. Ummi har kuka take yi masa, ni kuma ina yi mata dariya.

Da hutu aka kawo mana 'yar Baffan, sa'arta ce, tare suke kallon. Ranar nan suka yi faɗa a kan caja, ina madafa na ji yarinyar ta ce mata ai ita ma irin na fim ɗin ce, da jinin mutane take rayuwa, ta shanye jinin babansu shi ya sa ya rame har noman bana ya gagare shi. Na fito na tsawata mata, sai ta ce ai Mamansu ce ke faɗa. Gaskiya kam Baffa ya rame, kuma bana sai da ya bar rabin gonar masararsa ba a yi mata noma na biyu ba.

Tun ranar Ummi ta canza. Satin da ya wuce ciwon ya tashi, muka je asibiti aka auna aka ce jinin yana ƙasa, a shirya mai bayarwa. Tana jin haka ta ce ita ba za a sa mata ba. Nas ta lallashe ta, likita ya yi mata bayani cewa jinin da aka ɗiba yana dawowa, ta juya fuska bango. Da muka dawo gida ta ce mini, "Mama, shi ma na fim ɗin ai haƙura ya yi. Ni ba na so in zama abin da ke cinye mutane." Na ce mata wancan ƙarya ce Turawa suka shirya, ta ce, "To ramar Baffa fa, ita ma ƙarya ce?"

Babanta bai san maganar da aka faɗa mata ba, shi ya ɗauka fim ne kawai ya lalata mata tunani, ya goge shi daga wayar, ya ce idan lokaci ya yi ko ɗaure ta ne a yi a sa mata. Mutum ne mai zafi, na san idan na gaya masa Dayi zai wuce kai tsaye ya yi wa matar ƙaninsa tas, daga nan zumunci ya lalace, kuma da wane ido za mu sake kiran Baffa? Idan na kira Baffan da kansa na san shi kaɗai Ummi za ta saurara, amma tsoro nake ya saki matarsa a kan 'yata, 'ya'yansu biyar. Kuma a raina ban ga laifin matar sosai ba, mijinta take tausayi.

Yanzu haka Ummi na kwance, tafin hannunta fari fat, ko zuwa banɗaki sai ta huta a hanya, likita ya ce kada mu wuce wannan satin. Ɗazu ta riƙe hannuna ta ce in yi mata alkawari ba zan kira Baffa ba, ban dai yi mata alkawarin ba. 'Yan uwa wa zan fara gaya wa, mijina ko Baffa? Ko in yi shiru a danne ta a sa mata, ta tashi tana ganin kanta dodo? Iyayen masu sikila, da wane baki kuke yi wa yaranku bayanin jinin nan?