Kaset ɗin Ƙasan Akwati

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Auta. Yaya ciwon gwiwa? Na bi umarninki na daina bugo waya, tunda kin ce duk ran da Auta ya ji muryata sai ya wuni yana buɗe ƙofofin gida yana nemana.

Umma, alfarma nake nema. Kin san aikinmu a nan bincike ne kan yadda ƙwaƙwalwar yaro take girma, musamman masu irin larurar Auta, wadda ake kira otizim. Yanzu muna tara tsofaffin bidiyon da iyaye suka ɗauka tun kafin kowa ya san akwai matsala. Mutum zai zauna a wani ɗaki marar taga, ya sa abin ji a kunne, yana tsayar da hoton daƙiƙa bayan daƙiƙa. In an kira sunan yaro a sa alama, in ya waiwayo a sa wata. Idan aka gane alamun tun yaro bai cika shekara biyu ba, sai a fara taimaka masa da wuri, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na tuna Baba, Allah Ya jiƙansa, ya taɓa aro kyamara a wurin aikinsu ya ɗauke mu a tsakar gida, lokacin Auta bai daɗe da fara tafiya ba. Ban taɓa kallon kaset ɗin ba, amma na san yana ƙasan akwatinki. Don Allah ki aiko min, za a kwafe a maido miki da abinki.

Ki shafa min kan Auta in ya yarda.

'Yarki.

*

Likitar da ba ta allura,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode da tuni. Gwiwa tana nan daram, ita ce dai ba ta taɓa tafiya ta bar ni ba. Shekara uku ko ƙeyarki ba mu gani ba, ashe a gidan nan kaset kika fi kewa.

Auta lafiyarsa lau. Gemu ya cika masa fuska, kuma mai aski ɗaya tak yake yarda ya taɓa kansa, ranar da mutumin nan ya bar unguwa na shiga uku. Yana nan yana jera murafan kwalba a bakin taga, ja da ja, shuɗi da shuɗi. Kujerarki har yau ba mai zama. Ko baƙo ne ya zauna, sai ya tsaya masa a ka har ya ji kunya ya tashi. Magana kuwa ita ce dai guda ɗayar da kika sani: "Umma kalle ni, Umma kalle ni," tun safe har yamma. In na kalle shi kuma ya kau da kai.

Maganar kaset ki bar ta. Abin da ya shekara ashirin da huɗu a kwance, me za a tono a ciki? Iccen namu ya riga ya bushe. Ku nemi na waɗansu.

Allah Ya yi miki albarka. Ki riƙa cin abinci.

Ummanki.

*

Umma,

Ina gaishe ki da kyau. Na karanta takardarki sau uku, kuma ina jin na gane abin da kike tsoro. Kina ganin za a kalli kaset ɗin a ce ga alamu ƙarara amma uwar ba ta gani ba. Wallahi ba mai cewa haka. A wancan lokacin ko likitoci ma cewa suke a jira yaro zai yi magana, kuma ba rainon uwa ne yake kawo larurar ba. Ni ma ba ni zan duba shi ba, don ƙa'idar aikin ta hana mutum ƙirga na danginsa.

Makon jiya wata mata ta kawo ɗanta ɗan wata goma sha takwas. Ina bayan gilashi ina kallo ana koya mata ta riƙe abin wasa kusa da idonta, don in ya nemi abin ya haɗa da fuskarta. Da ya ɗago ya dube ta sai ta fashe da kuka. Irin kaset ɗinmu ne ya sa aka san a kawo shi yanzu, ba sai ya shekara biyar kamar Auta ba.

Kin yi min gorin zuwa gida. Gaskiya kewa tana damuna. Ɗakina yana hawa na huɗu, a tsaye nake cin abinci a gaban taga ina kallon tashar bas. Wani ƙarshen makon ba na magana da kowa, har in na gaida mai gadi ran Litinin sai in ji muryar ta dishe. Amma in na zo gida ban san inda zan sa kaina ba. Gidan kamar riga ne da aka ɗinka daidai jikin Auta. Ba ƙorafi nake ba, haka ya kamata.

Ki sake tunani, Umma.

'Yarki.

*

Likita,

Gaisuwa da fatan alheri. Ga shi nan, na naɗe shi a tsohon ɗankwalina. Duk karatunki wannan karon kin yi kuskure, ba don Auta na ɓoye shi ba. Sau ɗaya na taɓa kallonsa, bayan rasuwar babanku, na mayar da shi akwati na danne da zannuwa.

In sun gama ƙirgarsu, ki zauna ki kalla da idonki.

Ummanki.

*

Umma,

Assalamu alaikum. Kaset ya iso lafiya, an kwafe. Na jinkirta amsa ne don na fara takardar nan sau huɗu ina yagewa.

Wadda ta duba shi wata dattijuwa ce a ofishinmu, ta fi shekara ashirin tana wannan aikin. Bidiyon minti goma sha ɗaya ne. Kin kira Auta sau ashirin da uku, ya waiwayo sau biyu. Har tafi kika yi a bayan kunnensa, Baba yana dariya daga bayan kyamara yana cewa, "Ƙyale shi, miskili ne irin babansa." Ke ba ki yi dariya ba. Ashe kin gani tun ranar, kin riga kowa.

A ƙasan takardar da muke cikewa akwai wani ɗan gurbi na ƙarin bayani, yawanci ba a rubuta komai. Ita ta rubuta da fensir: "Akwai wata yarinya a gefen hagu, ta hau kan bokitin da aka kife tana tsaye da ƙafa ɗaya. Ta yi kira sau goma sha huɗu. Ba wanda ya waiwaya." Ba ta san ko wace ce ba. Ta ce min hannunta ne ya saba, duk kiran da ta ji sai ta sa masa alama.

Sai na shiga ɗakin na rufe ƙofa na kalla. Rabin jikina ne kawai ya shiga hoton. Ina da shekara shida, na baza hannuwa ina layi a kan bokiti, ina cewa, "Umma kalle ni." Irin muryar da Auta yake yi ce sak, har yadda yake jan ƙarshenta. Bayan kira na goma sha huɗun na sauko, na ɗauki bokitin na mayar da shi inda yake.

Umma, iyaye nawa na zaunar na yi wa bayani cewa yara irin Auta sukan riƙe maganar wani yadda suka ji ta su yi ta maimaitawa? Ban taɓa tambayar kaina ta wa ya riƙe ba. Kullum ina ɗauka tasa ce. Zan faɗa miki abin kunya: na girma ina jin haushinsa, ina cewa a raina magana ɗaya gare shi a duniya, ita ma roƙon abin da ya riga ya cinye ne shi kaɗai.

Ban san me nake so ki ce ba. Na dai kasa komawa ɗakin ƙirgar kwana uku ke nan.

Ki gaida Auta.

'Yarki.

*

'Yata,

Wa alaikumus salam. Ki gaya wa dattijuwar sha biyar ne. Na farkon kin yi shi kafin babanku ya danna kyamarar.

Na ji ki ranar, duka na ji. Cewa na yi a raina bari yaron nan ya waiwayo tukuna, sannan in juyo gare ki. Ina wannan jiran kika girma, kika daina kira, kika haɗa kayanki. Shi kuma ya ɗauka daga inda kika tsaya. Shekara ashirin ke nan kullum sai ya maimaita min ke a gidan nan, kuma ba ranar da ban san muryar wa nake ji ba.

Ku masu bincike kun ce a fara da wuri. Ban sani ba ko kun gano wani abu game da wanda ya makara. Bokitin ya daɗe da fashewa, amma kujerarki tana nan.

Ki zo in kalle ki.

Ummanki.